An bar jaki ana dukan taiki: a daina ɗora wa NFS laifin da ba nasa ba

Akwai wata shawara da ta zama ruwan dare a tsakanin masu kula da kwamfutocin ofisoshi, wadda a ganina ɓarnarta ta fi gyaranta yawa. Idan ma'aikaci ya je buɗe fayil a faifan da ofis ke rabawa ta hanyar sadarwa, kwamfuta ta ƙi, ta jefo masa saƙon nan mai kalmomi uku na Turanci, "Stale file handle", abin da za a ce masa bai wuce a cire faifan a sake jonawa ba. In hakan bai yi ba, a kashe kwamfutar a kunna. Yawanci kuwa sai abin ya yi. Ma'aikaci ya koma bakin aikinsa, mai kula da na'ura ya koma kujerarsa, kowa ya tafi da yaƙinin cewa NFS ne ya sake nuna halinsa, dama tsohuwar fasaha ce mai yawan rigima.

Wannan hukunci zalunci ne. A cikin duk waɗanda ke da hannu a lamarin, NFS ne kaɗai ya faɗi gaskiya. Abin da saƙon ke nufi shi ne: an ba ni shaidar wani fayil, na koma da ita inda aka ba ni, an ce ba a san ta ba. Wani lokaci dalilin halal ne, domin an goge fayil ɗin daga wata kwamfuta alhali wannan tana riƙe da shi. To amma idan fayil yana nan daram a kan faifai, ba wanda ya taɓa shi, kuma aka ce ba a san shaidarsa ba, to wani ne ya saɓa alkawari. Wannan wanin shi ake ɓoyewa duk lokacin da aka ce "a sake jonawa".

Kafin a gane alkawarin, tilas a raba abu biyu da mutane ke haɗawa, wato sunan fayil da shi kansa fayil ɗin. A tsarin Unix da 'ya'yansa irin su Linux, folda ba ta ƙunshe da fayiloli kamar yadda jaka ke ƙunshe da takardu. Folda jeri ce ta sunaye, kowane suna da lamba a gabansa. Lambar ita ke kai ka ga abin da ake kira inod, wato ɗan bayanin da ke cewa wane ne mai fayil ɗin, nawa ne girmansa, yaushe aka taɓa shi, kuma a wane sashe na faifai abin da ke cikinsa yake. Idan ka canja wa fayil suna, ko ka ɗauke shi daga wannan folda zuwa waccan a cikin faifai ɗaya, lambarsa ba ta motsi. Fayil ɗaya ma yana iya samun suna biyu ko goma a wurare dabam-dabam, duk suna nuni ga lamba guda. Duk wanda ya taɓa sayen mota ta hannu ya san wannan bambanci. Lambar da ke manne a gaba da baya ana iya sauya ta idan mota ta sauya hannu ko jiha, amma mai hankali lambar shasi yake dubawa. Ƙa'idar POSIX, wadda manhajojin wannan dangi suke bi, ta tanadi cewa lambar na'ura da lambar inod, idan an haɗa su, suna nuna fayil ɗaya tak a cikin tsari. A kan wannan tanadi aka gina manhajoji masu ɗimbin yawa, kuma za mu dawo kansu.

Kamfanin Sun Microsystems ne ya ƙirƙiro NFS a 1984, kuma a 1985 injiniyoyinsa, Russel Sandberg da abokan aikinsa, suka bayyana yadda suka tsara shi. Shawarar da suka yanke wadda ta fi kowace tasiri ita ce uwar garke, wato kwamfutar da fayilolin ke zaune a cikinta, ba za ta riƙe tarihin waɗanda ke hulɗa da ita ba. Ba ta san wa ya buɗe me ba. A maimakon haka, idan kwamfutar ma'aikaci ta nemi fayil da sunansa, sai uwar garke ta miƙa mata wasu 'yan lambobi da ake kira mariƙin fayil. Daga nan duk abin da za a yi, karatu ne ko rubutu, da wannan mariƙi za a zo, ba da suna ba. Kamar mai ajiyar kaya a tasha ne da ya ba ka tikiti: ba ya buƙatar ya tuna fuskarka, ko da an sauya mai tsaron rumfar da dare, wanda ya zo da safe zai duba tikiti ya ɗauko maka kayanka.

Amfanin wannan tsari a bayyane yake. Idan uwar garke ta mutu ta farfaɗo, kwamfutar ma'aikaci ba ta ma san an yi mutuwa ba. Ita dai ta ga amsa ta yi jinkiri, ta ci gaba da maimaita buƙatarta har aka amsa. Amma duk wannan ya rataya ne a kan sharaɗi ɗaya: mariƙin da aka bayar kafin mutuwa ya ci gaba da nuna fayil ɗin nan bayan farfaɗowa. Shi ya sa mutanen Sun suka haɗa shi da abu uku. Na farko lambar da ke nuna wane tsarin ajiya ne, na biyu lambar inod, na uku kuwa wata lamba da zan kira lambar zubi. Biyu daga cikin ukun ba su ma kasance a Unix na lokacin ba, sai da suka ƙara su a cikin faifai da kansu.

Lambar zubi ta cancanci a tsaya a kanta, don ita ce ta nuna cewa waɗannan mutane sun hango inda haɗarin gaske yake. Lambobin inod ana sake amfani da su. Ka goge fayil yanzu, ka ƙirƙiri sabo, sau da yawa a tsari irin ext4 sabon zai gaji lambar wanda aka goge. To a ce wata kwamfuta tana riƙe da mariƙin tsohon, ta zo za ta yi rubutu. In da lambar inod kaɗai ake dubawa, da rubutunta ya faɗa cikin sabon fayil, wanda wataƙila na wani ne dabam, kuma ba wanda zai sani. Lambar zubi tana sauyawa duk lokacin da aka sake raba lambar inod, saboda haka uwar garke za ta ga lamba ta yi daidai amma zubi ya saɓa, ta ce wannan mariƙi ya mutu. Wato saƙon da ake tsine wa a ofisoshi shi ne katangar da ke hana takardar albashi shiga cikin wasiƙar wani. Microsoft ma da ta zo gina NTFS a kan wannan dabara ta sauka: lambar fayil a can bit 64 ce, 48 na nuna gurbinsa a babban jadawali, 16 na ƙidaya sau nawa aka sake amfani da gurbin.

An yi ta faɗaɗa mariƙin yayin da NFS ke girma. A zubi na biyu, wanda aka wallafa ƙa'idarsa a 1989, bayit 32 ne cif. A na uku, na 1995, ya kai har 64. A na huɗu ya kai 128. Amma alkawarin da ke ƙarƙashinsa bai sauya ba, kuma alkawari kaya ne.

A nan ne abin ya shafe mu fiye da yadda ya shafi waɗanda suka ƙirƙiro shi. A ɗakin ajiyar bayanai da wuta ba ta yankewa, uwar garke tana iya shekara ba ta mutu ba, don haka mariƙi mai rauni yana iya daɗewa asirinsa a rufe. A ofishin da ake ɗauke wuta sau da dama a yini, batirin ko-ta-kwana ya tsufa, janareta kuma sai an je an tayar da shi, uwar garke tana mutuwa ta farfaɗo a kai a kai. Tsarin da aka gina musamman domin ya jure irin wannan mutuwa, mu ne muka fi kowa buƙatarsa, kuma mu ne za mu fi kowa saurin ganin inda aka yi masa ha'inci.

Masu ha'incin kashi biyu ne, kuma zan fara da na kusa, wato mu masu kula da na'urori.

Kashi na farko na mariƙi, lambar tsarin ajiya, a da daga lambar na'ura ake ɗauko shi, wato lambar da Linux ke ba faifai lokacin da kwamfuta ke tashi. Wannan lamba ba ta da amana. Faifan da ya zama na biyu yau yana iya zama na uku gobe, don kawai wani ya manta da filashi a jiki, ko wani faifai ya riga wani farkawa. Manhajojin NFS na Linux na yanzu sun fi son amfani da lambar dindindin da ke rubuce a cikin faifan, wadda ake kira UUID, kuma hakan ya rage matsalar ƙwarai. Amma akwai tsare-tsaren ajiya da ba su da irin wannan lamba, kuma saboda su ne aka tanadi zaɓin fsid a fayil ɗin /etc/exports, inda mai kula zai rubuta lamba da hannunsa. Layi ɗaya ne. Abin takaici shi ne yadda ake rubuta shi: a kwafo misali daga intanet, a manna fsid=1 a wuri biyu, ko a sake jera lambobin ranar da aka ƙara sabuwar folda domin jerin ya yi kyau a ido. Duk wanda ya sauya wannan lamba ya kashe kowane mariƙi da ke hannun kowace kwamfuta a ofis. Wanda ya musanya lambobin folda biyu kuwa ya tura kowane mai tikiti rumfar da ba tasa ba.

Sai kuma ranar ƙaura. An sayo sabuwar uwar garke, aka kwashe fayiloli da rsync zuwa cikinta, aka ba ta adireshin tsohuwar, aka ce an gama ba tare da kowa ya ji ba. Sunaye sun ƙaura, abin da ke cikin fayiloli ya ƙaura, amma lambobin inod sababbi ne, domin sabon faifai ne ya raba su yadda ya ga dama. Washegari kowace kwamfuta ta zo da tikitin tsohuwar rumfa. Wanda ke son uwar garke biyu su riƙa karɓar juna ba tare da an ji ba, dole ya kwafi faifan tubali da tubali, kamar yadda DRBD ke yi, ko su biyun su jingina da ma'ajiya ɗaya, kuma lambar fsid ta zama ɗaya a duka ɓangarorin. In ba zai iya ba, babu laifi, sai ya sanar cewa ranar kaza za a cire a sake jonawa. Abin da ba shi da hujja shi ne ya yi ƙaurar a ɓoye sannan ya zagi NFS.

Akwai kuma zaɓin subtree_check, wanda ke cusa bayanin foldar da fayil yake ciki a cikin mariƙinsa, ta yadda ɗauke fayil zuwa wata folda yana iya kashe mariƙin. Tun daga zubi na 1.1.0 na nfs-utils aka daina kunna shi kai tsaye, amma har yau ana ganin sa a saitunan da aka gada kaka da kakanni.

Kashi na biyu sun fi nauyin laifi, domin su ne masu ƙera tsare-tsaren ajiyar kansu. FAT, wanda ke kan yawancin filashi, ba zan tuhume shi ba. An haife shi ba shi da inod, Linux ne ke ƙirƙira masa lambobi na wucin gadi. Da aka so raba shi ta NFS ba tare da mariƙi ya mutu ba, sai aka tanadi zaɓin nostale_ro, wanda ke ɗauko lamba daga gurbin da bayanin fayil yake a faifai, kuma saboda wannan gurbi yana motsi idan an sauya suna, aka ce to karatu kawai, babu rubutu. Wannan gaskiya ce tsirara: ga abin da zan iya, ga farashinsa.

FUSE, wanda ya shiga Linux a 2005, ya ba kowane mai rubuta manhaja damar ƙera tsarin ajiyarsa ba tare da ya taɓa zuciyar Linux ba. Alheri ne babba, amma ya zo da ɗabi'ar mantuwa. Lambobin da irin waɗannan manhajoji ke ba fayiloli galibi a ƙwaƙwalwar wucin gadi suke zaune. Idan Linux ya ga an daɗe ba a taɓa fayil ba, sai ya aika wa manhajar cewa ta manta da shi, ita kuwa ta manta. Can sai wata kwamfuta ta zo ta hanyar NFS da mariƙin da ta karɓa da safe, a ce ba a san shi ba, alhali ba a ɗauke wuta ba, ba a goge komai ba. Maganin da aka tanada shi ne zaɓin noforget, wato kada a manta da komai. Sai ƙwaƙwalwa ta yi ta cika, kuma ranar da manhajar ta mutu ta tashi, jadawalin ya tafi gaba ɗaya.

Dubi mergerfs, wanda masu ƙananan ma'ajiyoyi ke ƙauna domin yana haɗa faifai da yawa su zama kamar ɗaya. Kowane faifai yana da nasa jerin lambobin inod, don haka lamba ɗaya tana iya kasancewa a faifai uku tana nuna fayil uku. Dole a ƙirƙiro sabuwar lamba. In an lissafo ta daga suna da hanyar folda, za ta tsaya daram bayan an kashe an kunna, amma da an sauya suna ta sauya, kuma fayil mai suna biyu zai fito da lamba biyu. In an lissafo ta daga lambar na'ura da inod na asali, suna biyu za su haɗu a lamba ɗaya, amma ranar da aka matsar da fayil zuwa wani faifai ko lambar na'ura ta juya, ta tafi. Na yaba wa mergerfs da ya shimfiɗa waɗannan zaɓuɓɓuka a fili ya bar mutum ya zaɓa. Wanda ban yaba wa ba shi ne mai kula da ya ɗora NFS a kansa bai karanta ko ɗaya ba.

Misalin da ya fi ba ni haushi shi ne Btrfs, domin shi ba ƙaramar manhajar wani mutum ɗaya ba ce, kuma matsalarsa ba ta ihu. Btrfs yana ba ka damar yanka faifai zuwa ƙananan sassa, kuma ka ɗauki hoton sashe yadda yake a wani lokaci ka ajiye. Kowane sashe yana da nasa jerin lambobin inod, tushen kowanne kuwa lamba 256 ne. Hoton da ka ɗauka jiya yana ɗauke da lambobi iri ɗaya da na sashen da kake aiki a kai yau. A kan kwamfutar da faifan yake, Btrfs yana rufe wannan ɓaraka ta hanyar ba kowane sashe lambar na'ura dabam. Amma idan aka raba faifan ta NFS a matsayin abu ɗaya, kwamfutar da ke can nesa lambar na'ura ɗaya take gani, sai ga fayiloli dabam-dabam da shaida iri ɗaya. Shi mariƙin lafiyarsa ƙalau, domin yana ɗauke da lambar sashe. Lambar da manhajoji ke gani ce ta zama tagwaye. A 2021 Neil Brown, wanda ya daɗe yana aiki a kan NFS na Linux, ya kawo gyare-gyare domin warware wannan, aka yi doguwar muhawara, kowane ɓangare yana ganin a gonar ɗayan ya kamata a yi gyaran.

Me ke faruwa idan shaida ta zama tagwaye? Manhajar find tana duba lambobin nan domin kada ta yi ta zagaye a wuri ɗaya, saboda haka idan ta shiga folda ta ga lambarta ɗaya da ta wata folda da ke samanta, sai ta ce ta gano zagaye, ta ƙi shiga. Duk abin da ke ciki ya fita daga lissafi. Manhajar cp tana ƙin kwafe fayil a kan kansa, kuma da waɗannan lambobi take ganewa. Ka ɗauko fayil na jiya daga hoto domin ka maye gurbin na yau da ya lalace, ta ce maka ai abu ɗaya ne. Mafi muni shi ne masu yin kwafin ajiya. Idan tar, ko rsync da aka ce ya kiyaye fayiloli masu suna fiye da ɗaya, suka haɗu da irin waɗannan fayiloli guda biyu masu lamba ɗaya, suna iya ɗaukar na biyun a matsayin wani suna na na farkon, su ajiye sunan kawai su bar abin da ke ciki. Ba saƙon kuskure, ba gargaɗi. Sai ranar da gobara ko ɓarawo ko ƙwayar cuta ta sa aka buɗe ajiyar, a tarar da rahoto biyu masu suna dabam da rubutu iri ɗaya. Ihu bayan hari ke nan.

Idan kuma lambobin ba tagwaye ba ne amma suna sauyawa, ɓarnar ta fi sauƙi, sai dai tana cin kuɗi. Manhajojin ajiya irin Borg suna duba lambar inod domin su gane ko fayil ya sauya tun jiya. In lambar ta juya, sai su sake karanta komai daga farko, aikin minti goma ya koma na dare guda. Shi ya sa Borg ya tanadi hanyar cewa a yi watsi da inod, GNU tar ya tanadi hanyar yin watsi da lambar na'ura, git ma yana da irin wannan saiti. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan zaɓuɓɓuka tabo ne na raunin da wani ya yi, aka bar wa wani jinya.

Na san abin da masu kare wannan hali za su ce, kuma ba duka maganarsu ce banza ba.

Za su ce riƙe shaida ta dindindin yana da tsada. Tsarin da ke haɗa faifai goma, ko yake jawo fayiloli daga wata ma'ajiya ta intanet, in zai ba kowane fayil lamba da ba ta sauyawa, sai ya ajiye jadawali a faifai, ya riƙa sabunta shi a kowane motsi, ya kuma tabbatar bai lalace ba idan wuta ta yanke. Gaskiya ne. Amma overlayfs ya nuna ana iyawa. Shi ne tsarin da Docker ke yawan amfani da shi, wanda ke shimfiɗa sabon bene a kan tsoho, kuma da zarar an yi rubutu a fayil na ƙasa sai ya kwafo shi sama, wato ya zama sabon inod. Ya shiga Linux a 2014, kuma bai yarda a raba shi ta NFS ba sai a 2018, a zubi na 4.16, bayan Amir Goldstein da abokan aikinsa sun gina jadawalin da ke tuna asalin kowane fayil da aka kwafo. Sama da shekara uku yana cewa "ban iya ba tukuna". Wannan ƙin yarda ya fi mini yardar da wasu ke bayarwa a rana ɗaya.

Za su ce ai NFS na huɗu da kansa ya halatta mariƙi mai ƙarewa. Haka ne, ƙa'idar ta tanadi irin wannan domin tsare-tsaren da ba za su iya riƙe na dindindin ba. Amma ta ɗora sharaɗi: uwar garke ta sanar tun farko cewa mariƙinta mai ƙarewa ne, kuma idan ya ƙare ta faɗa da wani saƙo na musamman, domin kwamfutar ma'aikaci ta san za ta koma ta nemi fayil da sunansa. Ko a hakan akwai rami, domin idan a tsakani wani ya sauya sunan, ko ya ajiye wani fayil a gurbin, abin da za a samo ba shi ne abin da aka buɗe ba. Halaccin da aka bayar na wanda ya faɗi gaskiya ne. Bai rufe wanda ya ce mariƙinsa na dindindin ne alhali a ƙwaƙwalwar wucin gadi yake ajiye shi ba.

Za su ce duniya ta wuce nan, ma'ajiyoyin zamani irin S3 na Amazon da suna kawai suke aiki, kuma suna riƙe da bayanai fiye da yadda NFS ya taɓa mafarki. To amma S3 bai taɓa cewa shi faifan Unix ba ne. A can galibi babu sauya suna na gaskiya, sai dai a kwafa a goge, kuma manhajar da aka rubuta dominsa ta san da haka. Rikici yana farawa ne lokacin da aka sa wa irin wannan ma'ajiya rigar faifai, aka jona ta, aka saki tar da cp da find a kanta, su kuwa suna aiki da tanadin da aka yi musu tun kafin a haifi yawancinmu.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta tsaro. Mariƙin da ba ya sauyawa, wanda kuma aka san yadda ake haɗa shi, ana iya cankarsa. Tsohuwar matsala ce, har Sun ta tanadi wata manhaja mai suna fsirand domin ta hargitsa lambobin zubi. A 2014 ma Sebastian Krahmer ya nuna yadda za a iya fita daga cikin akwatin Docker ta hanyar cankar mariƙin fayilolin da ke waje. Sai dai darasin da ke nan shi ne kada a mayar da tikiti makulli. Maganin ɓarawon da ke ƙirƙirar tikiti shi ne a sa lambar ta yi wuyar canka, kuma a duba wanda ya kawo ta, kamar yadda Kerberos ke yi wa NFS, kamar kuma yadda Docker ya janye izinin da ya ba da wannan ƙofa. Ba wanda zai ce maganin shi ne mai rumfa ya riƙa manta tikitin da ya bayar.

Abin da nake nema ba shi da yawa. Mai ƙera tsarin ajiya ya rubuta a shafin farko na bayaninsa, ba a can ƙasan wata muhawara ba, ko lambobinsa suna tsira daga kashewa da kunnawa, ko suna tsira daga sauya suna, ko kuma fayil biyu suna iya haɗuwa a lamba ɗaya. In amsar ba ta da daɗi, ya sa tsarinsa ya ƙi rabuwa ta NFS har sai mai kula ya kunna da hannunsa yana sane. Mai sayar da akwatin ajiya ga ofisoshi a yi masa waɗannan tambayoyi uku kafin a biya shi. Mai kula kuma ya ɗauki lambobin fsid kamar yadda akanta ke ɗaukar lambar asusu: a rubuta, a adana, kada a sake ba wani ko da an rufe na farkon. In Btrfs yake rabawa, ya raba kowane sashe dabam da lambarsa, kada ya tura su duka ta ƙofa ɗaya.

Gwajin kuwa ba ya cin rabin awa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a buɗe wa ma'aikata sabon faifai, a je wata kwamfuta a jona shi, a sa stat ya nuna lambobin fayil ashirin, a rubuta su. A buɗe ɗaya a bar shi a buɗe. A koma kan uwar garke a sauya wa wannan fayil suna, a matsar da shi wata folda, a dawo a ga ko har yanzu yana karantuwa. Sannan a kashe uwar garken gaba ɗaya, a soka mata filashin da ba ta saba tashi da shi ba, a kunna, a jira. In fayil ɗin da aka bari a buɗe ya ci gaba da karantuwa, lambobi ashirin ɗin nan kuma suka fito yadda aka rubuta su, sai a sa find ya zagaye faifan duka ya fitar da lambar kowane fayil, a tace a ga ko akwai biyu da suka haɗu alhali ba suna biyu na abu ɗaya ba ne.